Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Juyawar Akalar Ciniki

Abin da ake nufi da babbar tashar jirgin ƙasa a kowane birni shi ne tashar da mafi yawan fasinjoji da kaya suke shiga ko fita ta cikinta, wadda a galibin biranen Turai da Asiya akan same ta a tsakiyar gari, kusa da kasuwanni da ofisoshin hukuma. Tashar Kano ba haka ta faro ba, domin lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafa ta a farkon ƙarni na ashirin, sun ajiye ta ne a wajen ganuwa, ta gabashin birni, a filin da ba shi da wani muhimmanci ga masu ciniki na wancan zamani. Sai dai ba a yi shekara talatin ba, manyan kantuna da rumbunan ajiya da bankuna da sababbin unguwanni suka kewaye ta, har ya zama cibiyar hada-hadar kuɗi ta baro cikin birni ta dawo bakin dogo. Tarihin wannan tasha, saboda haka, tarihi ne na yadda aka juya akalar cinikin Kano daga arewa, inda hamada take, zuwa kudu, inda teku yake, da kuma yadda Kanawa suka karɓi abin da aka gina don wata manufa suka sarrafa shi don tasu.

Kafin zuwan dogo, zuciyar cinikin Kano ita ce Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka a birnin a 1851, ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka kuma rina a Kano suke kaiwa har Timbuktu da gaɓar Bahar Rum. Ayarin raƙuma yana tafiya Gadamas da Tarabulus da fatu da gashin jimina da hauren giwa, Abzinawa suna saukowa da gishirin Bilma, fatake kuma suna bin hanyar Gwanja da jakuna don ɗauko goro, tafiyar da takan cinye watanni kafin madugu ya dawo da mutanensa gida. Duk wannan ciniki yana ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, wato tsadar sufuri, domin kayan da za a ɗora wa dabba ta yi wata biyu ko uku tana tafiya da su dole ne su kasance marasa nauyi masu tsada, in ba haka ba kuɗin ciyar da dabbar da biyan fito da kuɗin hanya za su cinye ribar. Hatsi da gyaɗa da auduga, waɗanda su ne abin da talaka yake nomawa, ba sa iya yin nisa, komai yawansu.

Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, Gwamna Lugga ya sami kansa da ƙasa mai faɗi wadda harajinta bai isa ya riƙe gwamnatinta ba, sai da tallafi daga Landan da kuma Kudu. A daidai wannan lokaci masu masaƙun yankin Lankasha a Ingila suna cikin fargabar dogaron da suke yi da audugar Amurka, har suka kafa Ƙungiyar Bunƙasa Noman Auduga ta Biritaniya a 1902, suka kuma ɗora babban buri a kan ƙasar Hausa, wadda suka ji labarin cewa ta daɗe tana noman auduga tana saƙa ta. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ma'aikatar kula da ƙasashen mallaka, yana cikin waɗanda suka kare shirin shimfiɗa dogo zuwa Kano a gaban majalisar Ingila. An yi ja-in-ja a kan hanyar da dogon zai bi. Gwamnatin Legas, wadda layinta ya riga ya kai Ibadan tun 1901, tana son a ci gaba da miƙa shi arewa, hukumomin Arewa kuwa suna son layinsu na kansu, wanda zai tashi daga Baro a bakin Kogin Kwara, inda jiragen ruwa za su karɓi kaya su gangara da su teku ba tare da an bi ta hannun Legas ba. A ƙarshe an amince da duka biyun a 1907, shekarar da aka naɗa Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan, ya gaji Lugga.

Aikin layin Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356, ya kankama a 1908, kuma an yi shi da arha da sauri saboda dalilin da rahotannin gwamnati ba su cika son faɗaɗa bayani a kansa ba. Dubban leburori aka riƙa ɗebowa daga ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau da Kano ta hannun sarakuna da hakimai, kowane gari da adadin da aka yanka masa, su yi makonni suna haƙa da jidar ƙasa a kwando kafin a sauya su da wasu. Ana biyan su, amma zuwan ba da son ransu ba ne, shi ya sa masana tarihi suke lissafa shi cikin aikin tilas. Biyan da aka riƙa yi da tsabar kuɗin Ingila ya taimaka wajen yaɗa sule da kwabo a karkarar da ta saba da wuri, kuma gwamnati ta sake karɓe yawancin kuɗin ta hanyar haraji. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, aka kuma buɗe layin ga jama'a da 'yan kasuwa a watan Afrilun 1912. Baro kuwa ba ta cika burin da aka ɗora mata ba, domin Kwara ba ta ɗaukar manyan jiragen ruwa sai a 'yan watannin da ta cika. Da layin Legas ya haɗu da na Baro a Minna, aka kuma haɗe hukumomin layukan biyu a 1912, sai kaya suka koma bin hanyar Legas, musamman bayan an kammala gadar Jebba a 1916, wadda kafin ita sai an ɗora taragu a kan jirgin fito a ƙetare da su.

Yadda aka gina layin yana da tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Faɗin dogon, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu da ƙafafun jirgi suke bi, milimita 1,067 ne, abin da ake kira ƙaramin faɗi, wanda Ingila ta yi amfani da shi a yawancin ƙasashen da ta mallaka a Afirka saboda ya fi arha kuma yana iya karya kwana a wuri ƙanƙane. Layin kuma tilo ne, ba a yi masa abokin tafiya ba, don haka jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Legas ba za su wuce juna ba sai a tashar da aka tanadi ɗan reshe, inda ɗaya zai raɓe ya jira. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 1,126, kuma kwal ɗin da injinan suke ƙonawa, bayan an fara haƙo shi a Inugu, sai ya yi doguwar tafiya shi ma kafin ya iso, ga kuma ƙarancin ruwan da za a cika tukunyar inji da rani. Ta fuskar tsarin hukumar reluwe Zariya ce mahaɗa kuma mazaunin gudanarwa na yankin Arewa, Kano kuwa ƙarshen layi ce har zuwa 1930 da aka miƙa shi Nguru. Girman tashar Kano bai zo daga ofis ko ƙawar gini ba, ya zo ne daga nauyin abin da ake lodawa a cikinta.

Abin da aka loda ɗin kuwa ba auduga ba ce. Masu ƙungiyar auduga sun yi lissafinsu ba tare da masaƙan Kano ba, waɗanda suke sayen auduga a farashin da ya fi wanda Turawa suke tayawa, tun da rigar da aka saƙa aka rina a gida tana da kasuwarta tun daga Barno har Azbin. A gefe guda kuma, masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai a mayar da shi abin shafa wa burodi a madadin man shanu, sai bukatar man gyaɗa ta tashi a Ingila da Jamus da Faransa. Manomin ƙasar Kano ya riga ya san gyaɗa, ƙasarsa mai jigawa tana karɓarta, ana iya haɗa ta da gero ko dawa a gona ɗaya, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma idan farashi ya faɗi iyali suna iya cin ta ko mata su matse mai su soya ƙuliƙuli, alhali auduga ba a tuwo da ita. A kakar 1912 buhunan gyaɗa suka yi wa sabuwar tashar yawa, har hukumar reluwe ta rasa taragun da za ta kwashe su. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000, kuma duk da fari da yunwar 1913 zuwa 1914 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kai kimanin tan 50,000 a 1916.

Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda ya bi diddigin wannan lamari, ya nuna cewa ba umarnin gwamnati ne ya haifar da shi ba. Kamfanonin Turawa irin su Niger Company da John Holt suna da jari da sikeli da sito a bakin dogo, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Waɗanda suka sani su ne tsofaffin fataken goro, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu yara a kowace kasuwar karkara da dogon aminci da masu unguwanni. Mutane irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka karɓi kuɗi daga kamfanoni suka rarraba wa yaransu, yaran suka bi ƙauyuka suna ba manoma kuɗi ko gishiri ko tufafi tun kafin girbi, da sharaɗin a biya da gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara tara dukiyarsa a cinikin goro tsakanin ƙasar Asante da Legas, ya shiga harkar daga baya, ya kuma zarce kowa, har lokacin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai dillalai da 'yan baranda, wato ƙananan masu saye da suke tare manomi a bakin hanya ko a gaban kanti, sai masu jakuna da 'yan dako da masu ɗinkin buhu. Jaki ma bai rasa aiki da zuwan jirgi ba, aikinsa ƙaruwa ya yi, domin kowane buhu sai an kawo shi tasha daga gona, kuma mota ba ta karɓe wannan jigila sosai ba sai bayan shekaru masu yawa.

A kewayen tashar ne aka yanka wa kamfanoni filaye, wasu da ɗan reshen dogo har ƙofar sitonsu. Fagge, wadda tun da can zangon baƙi ce da masu raƙuma, ta sami kanta tsakanin birni da tasha, ta cika da 'yan kasuwa. Kwarori, wato mutanen Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu na yadi a inda ake kira Kantin Kwari a yau. Aikin reluwe da na kamfanoni yana bukatar akawu da direbobi da makanikai masu ilimin boko, waɗanda a lokacin sai daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, Gana ta yanzu, ake samun su. Saboda su aka kafa Sabon Gari wajen 1913, aka ware shi daga ikon Sarki har zuwa 1940, bisa manufar Turawa ta hana cuɗanya tsakanin baƙi Kiristoci da Musulmin birni. Da layin gabas daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a ƙarshen shekarun 1920, Inyamurai suka riƙa zuwa da yawa har suka zama mafi rinjaye a unguwar. 'Yan ci-rani na Arewa kuwa suka zauna a Tudun Wada da Gwagwarwa. Rabuwar Kano gida biyu, Birni da Waje, wadda har yau take bayyana a siyasa da zamantakewa, a bakin wannan tasha ta samo asali.

Jirgin da ya tafi da gyaɗa ba ya dawowa wofi. Yadin Manchesta da gishiri da kananzir da kwanon rufi da siminti suka riƙa shigowa ta Legas a farashin da ayarin hamada ba zai iya karawa da shi ba, kuma cikin 'yan shekaru Larabawan Gadamas da ke zaune a Kano suka koma aika fatunsu ta teku ko suka sake sana'a. Goro ma ya sake hanya, ya zama ana ɗauko shi a jirgin ruwa daga Gwalkwas zuwa Legas sannan a hau da shi dogo, daga baya kuma Yarbawa suka dasa shi a ƙasarsu, aka riƙa lodinsa a tashoshi irin su Agege. Shanu suka riƙa gangarawa kudu a tarago maimakon korar ƙafa da take ramar da su, kuma unguwannin Hausawa na Sabo a Ibadan da sauran garuruwan da ke kan layi sun ginu ne a kan waɗannan kaya biyu, goro da shanu. Tasirin tashar bai tsaya a iyakar Najeriya ba, domin gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana fita ta Kano da Nguru da Ƙauran Namoda, har sai da Faransawa suka ƙirƙiro shirin sufuri na musamman a 1953 don karkata wani kaso nata zuwa Kwatano.

Dalar gyaɗa, wadda ta zama tambarin Kano a hotuna da littattafan makaranta, tana bukatar a dube ta da idon basira. Gaskiya ne tana nuna yawan abin da manoma suka noma, kuma jera dubban buhuna su tashi sama da tsini ba tare da sun zube ba gwaninta ce ta leburorin da suka ƙware a kai. Amma ba don ado ake gina ta ba. Gyaɗa tana shigowa gaba ɗaya cikin 'yan watannin kaka, layi tilo kuma ba ya iya kwashe ta sai a hankali, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da injina da taragu suka tsufa, sababbi kuma suka yi wuyar samu. Sai ya zama gyaɗar bara tana nan a ƙasa ta bana ta iske ta, ana rufe ta da tampol saboda ruwa, ƙwari suna cin rabonsu. Kowace dala, saboda haka, dukiya ce da take jiran tarago, kuma tsawon zamanta a fili hasara ce. A wannan zamani ne aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa a 1949, wadda ta koma ƙarƙashin Jihar Arewa a 1954. Ita take yanke farashin da za a biya manomi, ta sayar a waje, ta riƙe bambancin. Da wannan rara aka yi ayyuka da dama na gwamnatin Sardauna, abin da ke nufin manomin gyaɗa ya biya wani haraji na biyu da ba a taɓa kiran sa da sunan haraji ba.

Tashar ta kasance kuma wurin da siyasar ƙasa take sauka tare da jaridu da wasiƙu. Ma'aikatan reluwe su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago na farko, kuma a yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, tsayawar jirage ce ta fi girgiza gwamnati. Akwai kuma ranar da tarihin tashar ba zai tsallake ba, 1 ga Oktoban 1966, lokacin da sojojin da suka yi bore a Kano suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa a kan mutanen Gabas da suka taru suna neman hanyar komawa gida, aka kashe mutane masu yawa. Ficewar ma'aikatan Gabas da yaƙin basasar da ya biyo baya sun raba reluwe da ɗimbin ƙwararrun direbobi da makanikai, suka kuma rufe layin Fatakwal na tsawon shekaru.

Daga nan koma-baya ya zo da sauri. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, amma bayan shekara goma duka biyun sun faɗi ƙasa da rabi. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman, abin da ya rage kuma masana'antun matsar mai na cikin gida suka shanye shi, kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta karkata ga shimfiɗa kwalta, tirela ta karɓe kayan da a da sai tarago. An kawo ƙwararru daga Indiya a 1979, an ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995, babu wanda ya tsayar da lalacewar, har jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano ya daina tafiya na shekaru. An dawo da shi a Disambar 2012 bayan gyaran layi, tafiyar tana cin fiye da awa 30, kuma tun daga lokacin yana yi yana tsayawa saboda ambaliya da rashin tsaro da satar ƙarafan dogo.

Sababbin layukan da ake ginawa yanzu na babban faɗi ne, milimita 1,435, wanda yake ba jirgi damar gudu da ɗaukar nauyi fiye da tsohon. An ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a Fabrairun 2021, sannan na Kaduna zuwa Kano a Yulin 2021, aka kuma buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, a Janairun 2023, domin 'yan kasuwa su riƙa kammala hulɗarsu da kwastan a Kano maimakon Legas. Jirgin babban faɗi ba ya hawa ƙaramin dogo, don haka tsohuwar tasha ba za ta karɓi sababbin jiragen ba sai an sake shimfiɗa layukanta, aikin da yake da wuya a wurin da gine-gine da kasuwanni suka riga suka matse hanyar ta kowane ɓangare. Gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya ba jihohi ikon gina layin dogo da gudanar da shi, ya buɗe wata ƙofa ta daban, domin tsohon layin ya ratsa unguwanni masu cunkoso tun daga Challawa har cikin gari, kuma irin wannan hanya ce birane da yawa suka mayar ta jigilar ma'aikata da 'yan kasuwa safe da yamma.